Ƙwaya Ce Ta Jawo

Haɗeja,
2 ga Satumba.

Zuwa ga 'yata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya bautar ƙasa, ya zama cikin Yarabawa? Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwata da ta tashi kamar kowace damina. Kogi ya cika, ya ci gonakin shinkafa ta wajen Kirikasamma, amma bai iso unguwarmu ba.

Na kira wayarki har na gaji, ba ta shiga. Shi ya sa na ba Mala direban motar bandar kifi wannan takarda, tunda ta ƙauyenku yake wucewa in zai kai kifi Ibadan.

Kajin ƙungiyarmu ta mata ne babu daɗi. Yau kwana tara ke nan. Jan ƙwan nan da kika sani ya fara koɗewa, ya koma fari-fari. Daga nan ɓawon ya zama kamar takarda. Yanzu wasu ma babu ɓawon, sai ka ɗauka ka ji kamar ruwa a leda. Kaji ɗari huɗu da ke ba mu kiret goma sha ɗaya a rana sun koma bakwai, a cikin bakwan ma wasu a hannu suke fashewa. Mai shayin bakin tasha ya dawo mana da nasa. Su kuwa kajin garau suke, suna ci suna sha, ko ɗaya ba ta mutu ba.

Mata sun fara magana a kan haɗin abincin da kika tsara mana. Hajiya Kamila ta ce a gaban kowa, "Muna zaman lafiya da abincin buhu aka ce mu koma haɗin 'yar jami'a." Na ce mata ta iya bakinta. Kin dai san ni na tsaya, a matsayina na shugaba, har aka yarda za a ba ki kula da gonar nan a Disamba in kin gama. Kakanki da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, amma ni ban taɓa duba wannan nisan ba. Ki yi tunani ki rubuto mini abin da zan gaya musu.

Gwaggonki,
Gumsu.

Kusa da Ogbomosho,
9 ga Satumba.

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙarfin jiki? Allah ya ba gwiwar lafiya. Ina nan ƙalau, zazzaɓin da na yi ya wuce. Waya kam sai na shiga gari take samun sabis.

Na karanta takardarki sau huɗu. Abu na farko da na yi shi ne na buɗe littafin da na rubuta awon abincin, don na ji tsoron ko ni na yi kuskure. Na bi shi layi-layi: dawa, tsakin shinkafa, dusa, tunkuza, waken suya, garin ƙashi, farar ƙasa, gishiri. Sinadarin da ke gina ɓawo ya kai yadda ake so, har da ɗan ƙari. Kuma tun watan Maris suke cin haɗin nan, wata biyar suna ba da kiret goma sha ɗaya. Idan abinci ne ya gaza, a hankali ɓawo yake raguwa, kuma za a ga wasu kajin ƙafafunsu sun yi rauni. Ba ya zuwa cikin kwana tara, kuma ba ya fara da koɗewar launi.

Abin da nake zargi shi ne ƙwaya ce ta jawo, ƙwayar cuta wadda ido ba ya gani, irin da ake kira bairos. Asalinta a jikin agwagwa da dinya da tsuntsayen ruwa take. Su ba ta cika yi musu komai ba, sai su zubar da ita a kashinsu, ta shiga ruwan da kaza za ta sha.

Ga yadda take yi. Ƙwai yakan yi kusan awa ashirin da biyar a cikin kaza. Kusan ashirin daga ciki a wata 'yar jaka yake yin su, kusa da mafita. A nan ake gina ɓawo, a awannin ƙarshe kuma a shafa masa launi. Wannan ƙwayar cutar a bangon jakar take zama ta lalata shi. Shi ya sa launi ke fara tafiya, sannan kauri, sannan ɓawon gaba ɗaya, alhali kazar tana yawonta. Ko an cika mata ciki da garin ƙashi ba zai yi amfani ba, kamar a tara bulo da siminti ne magini yana kwance.

Ban ce na tabbatar ba, Gwaggo. Sai an ɗebi jinin kaji kamar goma an kai gwaji ta hannun likitan dabbobi. Akwai wasu cututtukan biyu masu ɓata ɓawo. Ɗaya takan zo da tari da atishawa, farin ƙwai ya tsinke kamar ruwa. Ɗayar ita ce fakat, wadda ke murɗe wuya ta kashe. Yadda kika kwatanta bai yi kama da su ba.

Don Allah ki amsa mini waɗannan. Akwai agwagwa a farfajiyar gonar ko kusa da ita? Daga ina ake ɗibar wa kaji ruwa tun da fadama ta cika? Ana dawo da tsofaffin kiret daga kasuwa? Kin tuna dokar da ƙungiya ta sa hannu a kai, wadda na rubuta a ƙofa, cewa ba a shigo da wani tsuntsu.

Cutar ba ta da magani. Allurar rigakafinta kafin kaza ta fara ƙwai ake yi, kuma waɗannan manya aka sayo su, ban ga katin allurarsu ba duk da na tambaya sau biyu. Amma takan wuce da kanta cikin mako huɗu zuwa goma. Ba ta kama mutum, ƙwan da ya yi ɓawo ana iya ci. Kada a canja abinci yanzu. In aka canja suka warke, ba za a san abin da ya warkar da su ba.

Ki karanta wa mata wannan, ki ce su yi haƙuri.

'Yarki,
Ummussalma.

Haɗeja,
24 ga Satumba.

'Yata Ummussalma,

Ina gaishe ki, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Gwiwa da sauƙi. Ruwa ya yanke hanya, Mala ya yi mako biyu bai fita ba, shi ya sa kika ji shiru.

Na karanta takardarki a taron Asabar. Da na zo inda kika ce ƙwaya ce ta jawo, sai Hajiya Kamila ta tafa hannu ta ce, "To kun ji daga bakinta. An cire masara an zuba wa kaji dawa da tsakin shinkafa, kamar masu gudun hijira." Aka yi dariya. Talatu sakatariya ta ce a daina dariya, ba kowane mai digiri ke amsa kuskurensa ba. Gaskiya an yaba da ladabinki.

An yanke shawara an koma abincin buhu tun ranar Litinin. Batun gwajin jini, mata sun ce tunda an gano dalili babu buƙata.

Tambayoyinki. Ƙungiya ba ta da agwagwa ko ɗaya, ke ma kin sani. Ruwa daga tankin burtsatse ne kamar kullum. Kiret kuwa ana dawo da su.

Maganar aikinki an ce a dakata tukuna a ga yadda kajin za su yi. Kada ki sa damuwa a ranki. Ki bar komai a hannuna, ki mai da hankali ki gama lafiya.

Gwaggonki,
Gumsu.

Kusa da Ogbomosho,
1 ga Oktoba.

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau.

An yi mini mummunar fahimta. Ban amsa wani kuskure ba. Ƙwayar da na ce ba ƙwayar hatsi ba ce. Na ɗauki hoton wasiƙar a wayata kafin in ba Mala, na sake dubawa, ga abin da na rubuta: "ƙwaya ce ta jawo, ƙwayar cuta wadda ido ba ya gani." Ina ganin hayaniyar taro ce ta sa ba a ji ƙarshen jimlar ba. Laifina ne ma da na jera kalmomin haka. Na san a gonar "ƙwaya" muke ce wa hatsin da ke cikin haɗi, ya kamata in yi tunanin haka. Kwana biyu ina jin haushin kaina.

Don Allah Gwaggo ki sake karanta musu ita daga farko har ƙarshe. In hayaniya ce matsalar, ki ba Talatu ta karanta da idonta. Na shiga gari jiya na kira ki sau uku, tana shiga ba a ɗauka, wataƙila kina wurin biki ne.

Canjin abincin ne ya fi tayar mini da hankali. Yau mako na shida ke nan da farawar abin. In zargina daidai ne, nan da mako biyu zuwa huɗu ɓawo zai dawo, ko da me suke ci. Kowa zai ce buhu ne ya gyara. Daga nan babu wanda zai sake yarda da awon da na yi, ba a ƙungiyarku kaɗai ba, har duk mai kaji a Haɗeja da labarin zai kai wa. Jinin nan har yanzu ana iya gwada shi, alamar cutar takan daɗe a ciki.

Tunda babu agwagwa, to kiret ɗin ne nake zargi, ko tsuntsayen fadama da ke sauka a kan tanki. A duba ko murfin tankin yana rufe.

Ke kaɗai gare ni a wurin. Ina jiran amsarki.

'Yarki,
Ummussalma.

Kusa da Ogbomosho,
22 ga Oktoba.

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mala ya wuce sau biyu babu takarda. Ya ce ya gan ki a ƙofar gida kina lafiya, alhamdu lillahi.

Shekaranjiya ya tsaya cin abinci a bakin titi, na je na same shi. Zan rubuta miki hirarmu yadda ta kasance, don kada in ƙara ko in rage.

Na ce, "Malam Mala, Gwaggo ba ta ba ka saƙo ba?"

Ya ce, "Babu, 'yar boko. Ai Gwaggonki ba ta da lokacin kowa yanzu sai agwaginta."

Na ce waɗanne agwagi.

Ya ce, "Nata mana, da take kiwo a gidan ƙaninta Khalid a Kirikasamma. Da ruwa ya shiga gidan ni na kwaso su. Ashirin da uku. Sun yi mini ɓarna a bayan mota, kwana uku bandar kifina tana warin agwagwa."

Na ce ina aka sauke su.

Ya ce, "A gonar kajinku, bayan ɗaki, wurin tanki. Gidanta ai babu fili. Har na ce mata, Hajiya, waɗannan sun samu otal, ga inuwa ga wurin wanka. Bahon nan da ake tara wa kaji ruwa, kafin in juya mota sun shige ciki."

Na tambaye shi yaushe. Ya ce wajen goma ga Agusta. Ƙwai ya fara koɗewa ashirin da huɗu ga Agusta, bisa takardarki ta farko. Mako biyu ke nan tsakani. Haka yake a littafi.

Na koma ɗaki na ɗauko takardarki. Na tambaye ki ko akwai agwagwa a farfajiya. Kika ce ƙungiya ba ta da agwagwa. Na karanta wannan amsar a lokacin ban ga komai a cikinta ba, saboda daga gare ki ta fito.

Gwaggo, shekara talatin kika yi kina koyar da karatu a firamare. Ke kika nuna mini bambancin waƙafi da aya ina aji uku. Bayan "ƙwaya ce ta jawo" waƙafi ne. Na yi ta neman wata fassara da zan ba abin nan, ban samu ba. In akwai, don Allah ki gaya mini, zan karɓa.

Ummussalma.

Haɗeja,
5 ga Nuwamba.

'Yata,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Ruwa ya janye, an fara gyaran gonakin alkama.

Na ga takardunki biyu. Na ɗauki biro ya fi sau biyar ina ajiyewa.

Abin da Mala ya faɗa haka ne. Na ce kwana uku za su yi kafin in samu wuri, kwana uku suka zama wata guda. Ban san agwagwa na ɗauke da wani abu ba, kakanninmu tare suke kiwonsu da kaji. Kuma ban fito daga gida da niyyar tsayawa a waƙafi ba. A tsaye na buɗe takardar a gaban mata, ban karanta ta a gida ba. Kamila ta katse ni, kafin su gama dariya idona ya sauka a layin gaba, na ga agwagwa. Mata ashirin da shida suna kallona, kowacce ta sa abin hannunta a kajin nan, wasu marayu suke riƙo da shi. Ni na sa su suka sa hannu a dokar. Sai na ninke takardar. Washegari na kwashe agwagin.

Ƙwai ya dawo, jiya kiret goma, ja sosai. Kamila tana ta yawo da shi tana nuna wa mutane. Aikin gona an ba Rilwanu, ɗan wanta, ya fara ranar ɗaya ga wata. Na yi magana ba a saurare ni ba, kuma ban iya matsawa ba.

Ki duba ni, Salma. Ke yarinya ce, kina da takarda, duk inda kika je za a ɗauke ki, nan da shekara babu mai tuna wannan. Ni na haura sittin, a garin nan za a binne ni. In maganar nan ta fita, ba shugabanci kaɗai zan rasa ba, ko gidan suna ba zan iya shiga ba. Ki rufa mini asiri kamar yadda zan rufa miki.

Akwai kuma wata alfarma. Ƙungiya ta yi odar sababbin kaji ɗari biyu, 'yan mako goma sha biyar, za su iso ƙarshen wata. Rilwanu bai san komai a kan wannan allurar ba. Ki rubuto mini sunanta da lokacin yin ta a 'yar takarda daban, ni zan san yadda zan sa masa a kunne.

Gwaggonki har kullum,
Gumsu.

Kusa da Ogbomosho,
12 ga Nuwamba.

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina yi miki fatan lafiya. Ni ma lafiya. Ranar ashirin da takwas za a sallame mu.

Na gode da kika faɗi gaskiya. Na yarda ba ki fito da niyya ba a ranar farko. Amma takardata ta biyu ta same ki, na roƙe ki ki ba Talatu, kuma a lokacin ba a ba Rilwanu aikin ba. Kin kuma san daga wasiƙata cewa ƙwan zai dawo da kansa. Kika zauna kika jira shi ya dawo. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Kin ce in rufa miki asiri kamar yadda za ki rufa mini. Gwaggo, ni ba ni da abin da za a rufa.

Batun sababbin kaji. Allura ɗaya ce, a tsoka, tsakanin mako goma sha huɗu da sha takwas, kafin su fara ƙwai. Likitan dabbobi zai san ta in aka ce masa ta cutar faɗuwar ƙwai. Amma allura kaɗai ba ta isa ba. Tsofaffin kajin suna iya riƙe ƙwayar, sai an raba ɗaki, an raba baho, an wanke tanki, an daina dawo da kiret. Wannan aikin mata ashirin da shida ne, kuma ba za su yi shi ba muddin sun yarda dawa ce ta jawo. Ba abin da za a sa wa mutum ɗaya a kunne ba ne. In sababbin suka kamu, marayun da kika ambata su za su sake asara.

Saboda haka na kwafe wasiƙata ta tara ga Satumba da hannuna, kalma da kalma, na haɗa da wannan bayanin, na rubuta sunan Talatu a bayan ambulan. Ban ƙara komai ba. Ban ambaci Kirikasamma ba, ban ambaci sunanki ba. Tambayar agwagwa tana ciki kamar yadda take, ban cire ba. Mala zai ba ki wannan takarda taki ranar Alhamis, ya kai wa Talatu tata ranar Lahadi. Taron Asabar yana tsakani. Na yi haka da gangan, kuma iyakar abin da zan iya yi miki ke nan.

Ba na neman a karɓe aikin daga hannun Rilwanu, bai yi mini komai ba. Na fara rubuta takardar neman aiki a wata gona a Kano. Sun ce in kawo shaida daga inda na taɓa haɗa abinci. Har yanzu ban san sunan wa zan rubuta ba.

Idan na iso Haɗeja zan zo in durƙusa in gaishe ki kamar yadda Baba ya koya mini, ba zan gaya masa komai ba. Amma kada a wahalar da kowa da share mini ɗaki a gidanki. A gidan Yaya Ramatu zan sauka.

Ummussalma.